Lucette Mai Gugar Agogo

A nan Kwarin Joux rabin jama'a sunan gidansu ɗaya, shi ya sa kowa da laƙabinsa. Lucette Guignard ta ƙauyen Le Lieu, Madubi ake ce mata. A Gidan Corbaz, maƙera agogo, ta samo sunan, a ɗakin guga da ke can ƙasan bene, inda ta fara aiki tun tana budurwa.

Aikinta shi ne jikin agogo. Yakan zo mata daga hannun maƙera duƙun-duƙun, duk sawun zarto, ita kuma ta shafa jan man guga a faifai mai juyawa, ta kanga ƙarfen a jikinsa har sai ta ga fuskarta a ciki. Sa ƙarfe ya yi sheƙi ba wuya, inji ta, ko yaro ya iya. Wuyar ita ce ka kwashe tabo ka bar kusurwa da kaifinta. Mai nauyin hannu yakan cinye gefen agogo ya mai da shi kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi. Hannun Lucette bai taɓa cin kusurwa ba, kuma ba ta ɓoye wa kowa cewa ta san haka.

Matan ɗakin guga ba sa tafiya gida da rigar aiki. A kamfani ake wanke ta, a tace ruwan, saboda ƙurar zinariyar da ke maƙale wa zare. Don haka da Numa Guignard ya fara zarya a ƙofar gidansu, abokan aikinta suka sa shi gaba da tsiya, wai ba ita yake so ba, zinariyar gashinta yake hari. Ya ce sun gano shi, kuma ya riga ya sayi rariya.

Numa ɗan saman bene ne, cikin masu fararen riguna da ke zaune a bakin taga suna haɗa kayan cikin agogo da ɗan hantsaki. Mutanen sama kan ɗan ɗaga wa na ƙasa hanci, su masu baƙin farce. Shi bai iya wannan ba. Dogo ne mai sanyin magana, idan kuwa ya shiga sahun mawaƙan coci sai muryar ta cika ɗaki, ka rasa inda yake ajiye ta sauran kwanaki.

Suna cikin zamansu agogon batir ya shigo duniya. Ga araha, ga shi ba ya latti, ba ya kuma neman a murza masa kai. Gidajen agogo suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, har abin ya iso kan Gidan Corbaz. Ranar sallama tsoho Corbaz ya fito da wani akwati na agogunan farin ƙarfe da suka yi kwantai, don masu kuɗin lokacin zinariya kawai suka sani, ya ce kowane ɗan sama ya ɗauki ɗaya. Numa ya bi su yana karawa a kunne har ya kai ga wanda ya tabbata haɗinsa ne, ya ɗaura. Lucette kuma ta roƙi injin gugarta, aka bar mata. Ta kafa shi a ɗakin baya na gidansu, tana karɓar aiki daga 'yan gidajen da suka tsira.

Numa ya koma gonar gado wurin ƙaninsa Octave. Da rani kiwon shanu a kan tudu, da hunturu saran itace a daji. Agogon na hannunsa wurin tatsa, wurin faskare, wurin kamun kifi a tafki. Jikinsa ya cika da ƙwarzane, baƙar fuskarsa ta koɗe ta koma kalar gahawa. Wannan shi ne faɗan gidan da bai taɓa ƙarewa ba. Lucette ta yi lallashi, ta yi gori, ta ce duk kwarin na kawo mata agogo ta goge amma mijinta na yawo da nasa kamar an tono shi a juji. Shi dai sai ya ja hannun riga ya rufe abinsa.

“Ki bar shi, Madubi. Ba biki za shi ba, aiki za shi.”

Haka har Allah ya karɓi abinsa, bayan sun tsufa tare. Ta kwance agogon daga hannunsa ta ajiye a kan kabad, kusa da hotonsa. Kullum da safe ta murza masa kai kafin ta ɗora ruwan gahawa. Injin na nan a ɗakin baya, amma ba ta kai shi can ba.

Kafin nan duniya ta sake juyawa. Wasu attajirai daga Geneva sun sayi sunan Corbaz sun tayar da gidan, masu hali kuma sun dawo suna neman agogon da hannu ya haɗa. Tsofaffin agogunan gidan suka zama abin farauta a wuraren gwanjo. Na farin ƙarfen nan da aka rasa mai saye su suka fi tsada, saboda kaɗan aka ƙera. Har koɗewar fuska, wadda a da kamfani ke canza wa mutum kyauta tare da ban haƙuri, ta zama abin da ake rububi. Ranar da Octave ya karanta mata wannan a jarida, Lucette ta yi dariya har da tari, ta ce ashe idan kuɗi ya yi wa mutum yawa fentin da ya lalace yake saye.

Wata ranar kaka Solange Reymond ta ƙwanƙwasa mata ƙofa. Solange 'yar kwarin ce, uwarta ta yi zama kusa da Lucette a ɗakin guga. Ta yi karatu a birni, yanzu ita ke kula da tarihin Gidan Corbaz. Bayan gaisuwa da gahawa ta faɗi abin da ya kawo ta. Gidan zai buɗe ɗakin tarihi a tsohon benen, za a jera agogunan dā, kuma duk wanda aka san mai haɗa shi za a rubuta sunansa a ƙasa. Tana son aron na Numa.

Lucette ta dubi kan kabad. Mijinta ya ƙarar da idonsa a bakin tagar benen nan, amma duk agogon da ya fita daga hannunsa sunan Corbaz ne a fuskarsa. In ban da dutsen kabarinsa, babu inda aka taɓa rubuta Numa Guignard don jama'a su karanta. Ta tashi ta ɗauko agogon.

Solange ta sa safar hannu kafin ta karɓa, abin da ya ba tsohuwar dariya, tunda agogon ya sha kashin shanu. Ta jujjuya shi a hasken taga, ta ce ba ta taɓa ganin irinsa da ba a taɓa gogewa ba. Ta ce a kawo mata shi ofis idan an gama shirya akwatunan gilashi. Har ta kai ƙofa ta juyo.

“Inna, don Allah kada ki yi masa komai. Yadda yake ɗin nan nake so.”

“Na ji, 'yar nan. Ki gaida babarki.”

Ta ji ɗin kuwa, kunnenta ƙalau. Sai dai ta ɗauki maganar irin ta baƙon da ke cewa kada a wahala a dafa masa komai. Ta san Solange yarinya ce mai kunya, ba za ta iya sa tsohuwa aiki ba. Ban da haka, tun da aka kafa Gidan Corbaz agogo bai taɓa fita gaban jama'a ba sai ya bi ta ɗakin guga. Ta riƙa hango ranar buɗewa: duk kwarin a tsaye, tsofaffin abokan aikinta da sandunansu, suna leƙa gilashi suna taɓa juna, wai ga agogon mijin Madubi can kamar gindin tukunya. Numa ya ce ba biki za shi ba. To, yau ga biki ya zo.

Da safiya ta yi, hasken da take so ya shigo ɗakin baya, ta yaye ƙyallen da ke kan injin ta ɗiga masa mai. Ta buɗe murfin agogon, ta zare kayan ciki da fuskar gaba ɗaya ta kife su da kofin gilashi, don wannan aikin 'yan sama ne, ba ta taɓa shiga gonarsu ba. Sannan ta zauna. Yatsun sun kumbura da sanyin ƙashi, amma da ƙarfe ya taɓa faifai suka tuna hanya. Ƙananan ƙwarzanen suka tafi kamar ana share raɓa. Wani wuri guda ne ya ba ta wuya, a kafaɗar agogon ta hagu, inda ya lotsa sosai. Ta bi shi a hankali, ta ɗan ci nan, ta daidaita can, tana ɗagawa tana dubawa, har wurin ya shafe, kusurwar kuma na nan tsaye da kaifinta. Da ta mayar da komai ta ɗaga shi, sai ga wata tsohuwa a ciki tana kallonta, har gashin girarta ana ƙirgawa. Rabonta da jin daɗi irin wannan tun Numa na da rai.

Ranar kai agogo Octave ya zo ɗaukarta a motarsa mai warin cuku. Tsakaninsu wasa ne tun tana amarya. Ya shigo yana cewa matar yaya ta yi sauri, shi ba direban gwamna ba ne. Ta ce ya fara goge takalminsa, gidan mutane ya shigo ba garke ba. Sannan ta buɗe hankici a kan tebur tana jiran yabo.

Octave ya ɗauki agogon. Ya juya shi, ya kai babban yatsa kafaɗar hagu yana shafawa, ya sake shafawa.

“Ina lotsawar nan?”

“Na fitar da ita. Ita ta fi ba ni wuya.”

Ya ja kujera ya zauna. Da ya buɗe baki, a hankali maganar ta fito. Ya ce wani hunturu suna jan gungume a dajin Risoud, sarƙa ta tsinke, icen ya gangaro ya danne masa ƙafa, yana shirin hawa ƙirjinsa. Numa ya cusa hannu tsakanin gungumen da dutse ya tokare, har mutane suka iso. Agogon ne ya ɗauki nauyin, ba don shi ba da hannun ya tafi. Suka yi alkawari ba za su faɗa mata ba, don ta riga ta tsani aikin dajin. Tun daga ranar, in suka yi saɓani, Numa ba ya cewa komai, sai ya ƙwanƙwasa wurin da farce, su duka su yi dariya.

“Shekara da shekaru kina tambayarsa ya ba ki, yana hanawa. Kin zaci rowa ce?”

“Da ɗayanku ya buɗe baki ya faɗa mini, Octave, da ban taɓa wurin ba.”

Bai musa ba. Ya miƙa mata agogon, suka fita. Suka kewaye tafkin har ofishin Solange.

Solange ta tarye su da fara'a. Da ta buɗe hankicin fara'ar ta ɗauke. Ta zauna, ta cire tabarau, ta mayar. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi yi wa Lucette ciwo. Ta ce aikin ya yi kyau, ba ta da abin cewa a kansa. Amma masu tara agogo abin da suke nema shi ne ƙarfen da ya fito daga gidan da duk abin da rayuwa ta yi masa. Guga komai kyanta tana cin ƙarfe, abin da ta ci kuma ba ya dawowa. Shugabannin gidan sun riga sun yi shela cewa duk abin da ke ɗakin nan hannu bai sake bi ta kansa ba.

Lucette ta ce hannun da ya goge shi yau shi ne ya goge shi ranar da aka ƙera shi, a ƙarƙashin benen nan da suke zaune. Solange ta ce ta sani, amma wannan ba zai mayar da ƙarfen ba. Za ta kai maganar sama, ba ta yi alkawarin komai ba.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi wa Lucette tsawo. Ran Lahadi ta gasa cuku a akwatinsa na katako, ta dafa dankali kamar kullum, amma Octave da ya saba zuwa ci bai zo ba. Ta ci kaɗan ta rufe sauran. Da safe hannunta kan kai kan kabad ya tarar da wayam. Ba ta yi nadamar aikin ba, ko a zuciyarta ba ta iya cewa bai yi kyau ba. Abin da ke cinta shi ne sau ɗaya tak aka zo rubuta sunan Numa, kuma da hannunta ta goge shi.

Dusar ƙanƙara ta fara sauka ranar da Solange ta dawo. Ko rigar sanyi ba ta cire ba ta fara bayani. Ta yi ta fama da shugabannin gidan, sun yarda da ƙyar, saboda fuskar da kayan cikin na asali ne, kuma an san mai haɗawa. Amma ba zai shiga babban akwatin tsakiya ba, sai wani ƙarami kusa da ƙofar fita. Kuma dole katin da ke ƙasansa ya faɗi gaskiya, cewa an goge shi daga baya. Ta ce gara ta faɗa mata tun yanzu, duk masanin da ya karanta wannan layin aibi zai gani, kamar an rubuta cewa doki gurgu ne. In Inna ba ta so, sai a fasa, ta dawo mata da abinta.

“Sunan Numa fa?”

“Yana sama, da manyan baƙaƙe.”

“To, layin ƙasan, me za ki rubuta?”

“An goge shi daga baya. Shi ke nan.”

“An goge shi. Wa ya goge shi, iska?” Lucette ta ajiye kofinta. “Mu 'yan ƙasa aikinmu ke nan, mu share sawun kowa, namu ma kada ya fito. Babarki ta goge agogo ya fi dubu, ki nuna mini inda aka rubuta ta. Tunda sai an faɗa, a faɗa duka. Ki sa Lucette Guignard, 'yar gidan Aubert, ta ɗakin guga.”

Solange ta ce mutane za su san wanda za su zarga ke nan. Lucette ta ce ai gara su sani, kada su ɗora wa wani mai nauyin hannu aikinta. Yarinyar ta yi dariya tana share ido, ta ce wannan kam ba sai ta tambayi kowa ba.

Ranar buɗewa Lucette ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci, ta hau motar haya ita kaɗai. Benen ya cika da baƙi masu tsadar takalma, ana zagayawa da farar giya. Ta wuce babban akwatin ba ta ko tsaya ba, ta je kusa da ƙofar fita. Ga shi nan a kan ɗan matashi, fuska kalar gahawa, jiki na ɗaukar ido. Ta karanta katin da yatsa a kan gilashi, layin sama, sannan na ƙasa. Tsofaffin matan ɗakin guga suka zo suka kewaye ta, kowace ta duƙa ta duba kafaɗun agogon ta gefe, yadda 'yan sana'a ke dubawa, ta ɗago ta gyaɗa kai. Ɗaya ta ce ashe tsohuwar ba ta mutu ba.

Can wani baƙo mai furfura ya tsaya, da ɗan madubin ido rataye a wuya. Ya daɗe a duƙe. Da ya karanta katin ya girgiza kai, ya ce wa matarsa kaico, da an bar shi yadda yake da babu kamarsa a ɗakin nan.

“Ni na goge shi, maigida,” inji Lucette.

Mutumin ya ji kunya, ya cire hula. Ya ce hannu ne na ƙwarai, bai ga inda ya zame ba. Amma ba zai yi mata ƙarya ba, ya so a ce ba a yi ba.

“Ba kai kaɗai ba ne. Ga wani can ya fi ka jin haushi.”

Octave ne a bakin ƙofa, cikin kwat ɗin da ya yi masa kaɗan, yana murza hula. Ya matso bai kalle ta ba. Ya karanta sunan wansa, leɓensa na motsi. Sannan ya dangwala yatsa a gilashin, ya ce wa baƙon ya duba nan, kafaɗar hagu, a nan gungume ya sauka. Baƙon ya ce bai ga komai ba.

“Ina za ka gani? Wannan matar ta bi ta kai.”

Ya shiga ba shi labarin dajin Risoud tun daga tsinkewar sarƙa. Mutane suka fara taruwa, har wasu suka baro babban akwatin. Duk wanda ya duƙa neman wurin ya rasa, sai Lucette ta ce ya ƙara dubawa da kyau, in ya samu ta ba shi goron gani. Babu wanda ya samu.

Da jama'a suka ragu Octave ya sa hularsa, yana kallon wani wuri daban.

“Matar yaya, mota na waje. In kin gama baje kolin.”

“Ka jira ni. Akwai wasu can da ba su gani ba tukuna.”